Tarihin Ƙafar Mota a Hanyar Jibiya

Garin Jibiya yana arewa maso yamma da birnin Katsina, tsakaninsu kimanin kilomita 45. Kafin matafiyi ya shiga garin sai ya iske Magama, inda hanya ta rabu biyu. Ɗaya ta miƙe ta bi ta Jibiya da Gurbin Ɓaure ta nufi Ƙauran Namoda, ɗaya kuwa ta karkata arewa, ta ratsa shingen ma'aikatan kwastan, ta faɗa ƙasar Nijar, ta bi ta Ɗan Isa har Maraɗi. Wanda ya tsaya nan da hantsi zai ga motoci iri iri, daga tsohuwar akori-kura wadda kaya ya danne har manyan motocin nan na alfarma da a ke kira jif, waɗanda alhazai da manyan ma'aikata su ke shiga. Idon mai kallo a kan fenti da gilashi ya ke sauka. Amma duk nauyin irin wannan mota, wanda ya kan haura tan biyu da rabi, a kan tayoyi huɗu ya ke, kuma abin da kowace taya ta ke taɓawa na ƙasa bai fi faɗin tafin hannun ƙato da yawa ba. Ran da waɗannan tayoyi suka ƙare, mai motar ya kan aika a sayo masa waɗansu, sau da yawa kuwa sai a kawo masa irin da Turawa su ke kira tayar duk-shekara. Wanda bai san inda wannan suna ya fito ba, da yadda tayar ta iso kasuwar kan iyaka, ba zai san abin da ya saya ba.

A zamanin da, wannan hanya ƙafar jaki da ta raƙumi da ta takarkari ta sani. Ba kuwa kullum ta ke biyuwa ba. Bayan da jama'ar Shehu Usmanu suka ci Katsina a cikin 1807, sarakunan Haɓe suka yi arewa, daga baya Ɗan Kasawa ya kafa musu zama a Maraɗi, aka yi ta yaƙi tsakanin gidajen nan biyu shekara da shekaru. Dajin da ke tsakaninsu ya zama hanyar mahara, musamman a zamanin Ɗan Baskore. Fatake ba su shiga sai sun yi ayari. Madugu kuwa tun kafin a ɗaura kaya ya ke duba ƙafafun dabbobi, gama ya san dabbar da ta gurgunce a tsakiyar daji ta jawo wa ayari duka wahala.

Turawan Ingila suka shiga Katsina a cikin 1903. Faransawa kuma suna can arewa suna neman hanya mai rijiyoyi daga kogin Kwara zuwa tafkin Chadi. Aka yi yarjejeniya a 1904, aka sake wata a 1906, sa'an nan aka aiko ma'auna, Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila, suka bi daji suna kafa alamu har 1908. Da aka gama sai Maraɗi ta faɗa hannun Faransa, Jibiya ta zauna a ƙasar Katsina. Mutane iri ɗaya, harshe ɗaya, kasuwa ɗaya, amma daga ran nan kayan da ya ƙetare wannan layi ya shiga wata doka.

A waɗannan shekaru ita kanta tayar mota jaririya ce. Wani Ba'amurke, Charles Goodyear, shi ya gano a cikin 1839 cewa in an dafa ɗanyen roba da farar wuta sai ya daina narkewa da zafi, ya daina ƙagewa da sanyi. A cikin 1888 wani likitan dabbobi mai suna John Dunlop, yana zaune a birnin Belfast, ya naɗa wa keken ɗansa roba mai iska a ciki don ya rage masa jijjiga. Bayan shekara bakwai 'yan'uwan nan biyu na gidan Michelin a Faransa suka sa wa mota irin wannan taya suka shiga tsere da ita daga Faris zuwa Bordo, suna tafe tana fashewa suna gyarawa. Sunayen nan uku har yau suna rubuce a gefen tayoyin da ke bin Magama.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, sai aka bukaci abin da zai kwaso buhuna daga ƙauyuka zuwa tasha. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, yana cikin sarakunan Arewa na farko da suka mallaki mota, ya kuwa ba da ƙarfi wajen gyaran hanyoyi. Sannu a hankali gyaɗar ƙasar Maraɗi ta riƙa gangarowa ta Jibiya zuwa Katsina da Kano, domin nan ne kusa da jirgi. Hanyar ta burji ce da rairayi. Da rani gargada ta kwance kusoshi, ƙaya ta huda tif, da damina kuwa mota ta kafe a gulbi kwana da kwanaki. Tayoyin lokacin sirara ne, masu tauri, kuma ba direban da zai tashi ba tare da famfo da gam da guntayen roba na faci ba. Yaron mota wanda bai iya cire taya da ƙarfe biyu ya liƙe tif a bakin hanya ba, ba a lissafa shi cikin ma'aikata. Rairayi ya sha kan taya ƙwarai a wannan zamani, har ma motocin kamfanin Citroën da suka fara ratsa Sahara zuwa Tambutu a ƙarshen 1922 sai da aka ɗaura musu ɗamarar roba a baya maimakon ƙafa.

Yaƙin Duniya na Biyu ya koya wa mutane darajar taya. Daga 1940 zuwa 1942 Nijar tana hannun gwamnatin Faransa mai bin Jamus, saboda haka iyaka ta zama ta abokan gaba. A farkon 1942 kuma Japan ta kama Malaya, inda mafi yawan roban Ingila ya ke fitowa. Taya ta yi wuya, sai da izinin hukuma a ke samunta, aka matsa wa mutanen kudu su tatso roba ko daga itatuwan daji. Mai lorin da tayarsa ta mutu sai ya jingine motar a kan duwatsu ya jira. Masu jakuna da raƙuma suka sami kasuwa.

Bayan yaƙi abubuwa biyu suka sake kamannin taya. A 1946 gidan Michelin suka fito da wadda a ke kira radiyal. A tsohuwar taya zaren da ke cikin roba a gicciye a ke shimfiɗa shi, wani bisa wani, saboda haka in tana gudu sai zaren ya yi ta gugar juna yana haifar da zafi. A radiyal kuwa zaren daga baki zuwa baki ya ke tafiya, sa'an nan a yi masa ɗamara da wayar ƙarfe a ƙarƙashin zanen. Ta fi daɗewa, ta fi sanyi, ta fi kama hanya. Abu na biyu shi ne taya marar tif, wadda ta bazu cikin shekarun 1950. Ita ƙusa in ta shige ta, iska a hankali ta ke fita. A cikin waɗannan shekaru ne kuma aka haifi kakannin jif na yau, Land Rover a 1948, da motar Toyota wadda ta zama Land Cruiser a 1951. Motocin aiki ne, na Joji da malamin gona da likitan dabbobi, ba wanda ya ke ganinsu abin ado. A 1970 kuwa Range Rover ta fito, ta haɗa ƙarfin motar daji da daɗin motar sarauta.

Da ƙasashen biyu suka sami mulkin kai a 1960, Nijeriya ta shiga yin tayarta. A farkon shekarun nan Dunlop suka kafa masana'anta a Ikeja kusa da Ikko, Michelin kuma a Fatakwal, suna aiki da roban da a ke tatsa a ƙasar Binin da Sapele. Tayar da aka yi a nan an yi ta ne da sanin rana da ramukan nan, kuma ba ta daɗe a ajiye kafin ta hau mota. Wani abin da direbobin lokacin su ke tunawa shi ne, har ran 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya hannun hagu ta ke bi, Nijar kuwa hannun dama, watau duk wanda ya ƙetare iyakar Jibiya sai ya sake hannu. Arzikin man fetur ya zo, aka buɗe wurin harhaɗa Peugeot a Kaduna a 1975, kwalta ta yawaita, gudu ya ƙaru. Kaya kuma suka riƙa bin hanyar ta fuska biyu. Mai da taki da kayan masana'anta suna hawa arewa, atamfa da taba da shinkafa waɗanda aka sauke a Kwatano suna bi ta Maraɗi suna gangarowa kudu, waɗansu ta gaban kwastan, waɗansu ta bayan gari. Da wannan ciniki alhazan Maraɗi da na Katsina da yawa suka yi dukiyar da su ke sayen manyan motoci.

To, a can Amurka ne, a cikin 1977, kamfanin Goodyear ya fito da wata taya mai suna Tiempo, wadda a ke lissafa ta ta farko cikin tayoyin duk-shekara. Dalilin yin ta shi ne wahalar mutanen ƙasashen sanyi. Roban tayar da su ke hawa lokacin zafi ya kan ƙage in sanyi ya sauko ƙasa da awo 7, sai mota ta riƙa sulɓi. Don haka tun 1934 aka fara yin tayar sanyi a ƙasar Finlan, mai laushin roba, mai zurfin zane, da 'yan tsage-tsage ƙanana masu cizon ƙanƙara. Sai ya zama kowane mai mota yana da tayoyi kashi biyu, yana sakewa sau biyu a shekara. Tayar duk-shekara sulhu ce tsakanin biyun nan. Ba ta kai ta sanyi cizon ƙanƙara ba, ba ta kai ta zafi kama busasshiyar kwalta ba, amma ta hutar da mutum zuwa wurin makaniki. A gefenta a kan buga harufa biyu, M da S, ma'anarsu taɓo da dusar ƙanƙara.

Shekarar da a ke nufi a cikin wannan suna ta Turawa ce. Shekarar Jibiya dabam ta ke. Akwai damina daga wajen Yuni zuwa Satumba, da ruwa mai sauka gaba ɗaya ya kwanta a kan kwalta ya cika ramuka. Akwai kaka, sa'an nan hunturu da ƙura, wanda sanyinsa na asuba ko ya yi tsanani ba ya daskarar da ruwa. Sa'an nan bazara, watan Afrilu da Mayu, sa'ad da zafi a inuwa ya kan wuce awo 40, kwalta kuwa ta fi haka nesa, har ba ta takuwa da ƙafa. Rabin abin da aka shirya tayar duk-shekara dominsa ba ya zuwa ƙasar Katsina ko sau ɗaya. Wannan bai sa ta zama mummunar taya ba. Zanenta yana korar ruwa da kyau, ba ta da ƙara, tana daɗewa, kuma yawancin jif da aka yi don kasuwar Amurka da ita su ke zuwa. Sai dai sunan ba ya faɗin kome game da babban abokin gaban taya a nan, watau zafi.

Abin da zafi ya ke yi wa tayar jif duniya ta gan shi a cikin shekara ta 2000. A watan Agusta na shekarar kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan 6.5, mafi yawansu na kan motar Ford Explorer, bayan da aka ga zanen yana ɓarewa daga jikin taya ana cikin gudu, motar kuwa da ya ke doguwa ce sai ta kife. Mutum fiye da 200 suka hallaka a Amurka. Da aka bi sawu sai aka tarar haɗarin ya fi yawa a jihohi masu zafi, an kuma riga an ga irinsa a Saudiyya da Benezuwela. Kamfanonin biyu suka yi ta ɗora wa juna laifi, wannan ya ce ƙirar taya ce, wancan ya ce ƙarancin iskar da aka umarta ne. Abin da ba a yi gardama a kansa ba shi ne, taya mai ƙarancin iska tana lanƙwasa fiye da kima, lanƙwasar tana haifar da zafi, zafin yana raba roba da waya. Saboda wannan al'amari aka yi doka a Amurka, daga 2007 kowace sabuwar mota sai da na'urar da ke faɗakar da direba in iska ta ragu. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe, ranar da ta ɓare taya a Saudiyya ita ce a kan hanyar Maraɗi.

Ana cikin haka sai tayar gida ta mutu. Tun daga 1986, da darajar naira ta faɗi, sabuwar mota da sabuwar taya suka fi ƙarfin yawancin mutane, aka koma ga na hannu waɗanda a ke kira 'yan Kwatano ko Beljiyam. Rashin wutar lantarki ya tsananta wa masana'antu, gwamnati kuma ta rage kuɗin fiton tayoyin manyan motoci na waje. Michelin suka rufe Fatakwal a 2007, Dunlop suka daina yi a 2008. Ƙasar da ke da itacen roba ta koma sayar da ɗanyensa tana sayen taya daga Asiya da Turai. Dokar kwastan ta Nijeriya ta hana shigo da tsofaffin tayoyin ƙananan motoci, amma hani bai kashe bukata ba, ya dai sake wa kayan hanya. Ita kuwa iyakar Jibiya ta sha rufewa da buɗewa. An rufe ta daga 1984 zuwa 1986, lokacin yunwar da mutanen Nijar suka sa wa suna El-Buhari. An sake rufe ta a Agusta 2019, ba a buɗe ba sai Afrilu 2022. Aka kuma rufe bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023, har Nijeriya ta ba da umarnin buɗewa a Maris 2024. Kowace rufewa ta kan tura kaya cikin daji a kan babura, ta kuma bar waɗansu jibge a rumbuna wata da watanni cikin zafi. Shinkafa ta kan jure wannan. Roba kuwa tsufa ya ke yi ko ba a hau shi ba.

Nan ne haɗarin tayar Beljiyam ya ke. Da yawa daga cikinsu tayoyin sanyi ne waɗanda Bature ya cire don sun tsufa, zanensu kuwa da sauran zurfi. Mai sayarwa ya wanke, ya shafa baƙin mai, ta yi ƙyalli, mai saye ya sa yatsa cikin zanen ya ji zurfi ya ce ya yi dace. Kama da wane ba ta wane. Roban da aka yi shi don ƙanƙara, in ya hau kwaltar bazara, laushi ya ke ƙarawa, ya cinye da sauri, birki kuma ya yi nisa. Abin mamaki, har mutumin da ya ba da miliyoyi ya sayi Lexus ko Prado a kan same shi yana cinikin irin wannan taya, ko kuwa ya bar wa direba zaɓi, ya ba shi kuɗi a dunƙule bai tambayi kome ba.

Alhali kuwa taya ba ta ɓoye asirinta, duk yana rubuce a gefenta. Akwai lamba huɗu a cikin ɗan zobe, bayan harufan DOT. Tun daga shekara ta 2000, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, watau 2319 tana nufin mako na 23 na 2019. Hukumar kiyaye haɗarin hanya ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1988, ta sha yin shela cewa taya shekara 4 gare ta daga ranar da aka yi ta. Masu ƙira sun fi sassauci, waɗansu sun ce a riƙa kai ta a duba kowace shekara in ta kai 5, kada kuma a wuce 10 ko da ba ta taɓa ƙasa ba. A ƙasa mai zafi lissafin hukuma ya fi kusa da lafiya. Akwai kuma awon girma da na ƙarfi. A kan Land Cruiser da yawa za a ga 285/60 R18 116V. Lamba ta farko faɗin taya ce da milimita, ta biyu tsawon gefenta bisa ɗari na faɗin, R radiyal, 18 faɗin ƙarfen ƙafa da inci. Ita 116 tana nufin kowace taya za ta ɗauki kilo 1,250, V kuwa gudun da za ta jure, kilomita 240 a sa'a. Wanda ya sa mai ƙaramar lamba don araha, sa'an nan ya cika mota da iyali da buhuna ya nufi Maraɗi biki, ya ɗora wa jaki kayan raƙumi. Tayoyin da aka yi don kasuwar Amurka suna da wani harafi kuma na jure zafi, A ko B ko C. A ita ce gaba, kuma ita ta dace da wannan ƙasa.

Sauran zaɓin hanya ce ta ke yanke shi. Jif ɗin da ba ta sauka daga kwaltar Katsina zuwa Kano, tayar duk-shekara mai kyau, sabuwa, mai harafin A, ta ishe ta. Wadda kuwa ta ke shiga ƙauyuka da gonaki, ta bi burji da rairayi, ta fi son tayar da aka yi don kwalta da daji duka, mai kaurin gefe, ko da ta fi ƙara da shan mai. Yayin nan na sa ƙaton ƙarfen ƙafa mai inci 21 ko 22 da siririyar taya kyan gani ne kawai. Ramin farko da aka faɗa da gudu sai gefen tayar ya yi ƙulu, ƙulu kuwa ba ya facuwa, zare ne ya tsinke a ciki. Motar da ke ja da ƙafa huɗu tana son tayoyinta su zama iri ɗaya, masu tsufa ɗaya, in ba haka ba giyar da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya ta wahala. Awon iska kuma yana rubuce a jikin ƙofar direba, da safe a ke gwada shi kafin taya ta ɗumama. Direbobin da suka saba da rairayi su kan rage iska don kada su kafe, dabara ce mai kyau, amma wanda ya hau kwalta bai mayar da iskar ba ya shirya wa kansa abin da ya sami masu Explorer.

A shekarun baya kaɗan wani dalili ya ƙaru. 'Yan bindiga sun addabi ƙasar Jibiya, har a 2021 gwamnatin jihar Katsina ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure na wani lokaci. A irin wannan hali tsayawa canjin taya a wurin da ba gari ya wuce ɓata lokaci, direba ya koma duban ƙafafu kafin tashi kamar madugun da. Masu hankali su kan kwance safaya su duba shekarunta da iskarta, gama sau da yawa ita ce mafi tsufa a motar, ta yi shekaru a rataye a ƙarƙashi ko a bayan ƙofa rana tana dukanta.

Tayar da aka cire kuwa ba a yar da ita. Mai faci na bakin tasha ya kan saye ta, in da sauran rai ya sayar wa mai ƙaramin ƙarfi, ta sake shekara a kan wata mota. In ta sude sarai sai ta faɗa hannun masu yanka. Daga gefenta a ke fitar da igiyar ɗaurin kaya, daga zanenta a yanka takalman da makiyaya su ke so don ƙaya ba ta huda su, waɗansu kuma a sa su a ƙafar amalanken shanu. Tsohon tif na manyan motoci shi a ke ɗinkewa a yi guga. Ran Lahadi, ranar kasuwar Jibiya, a kan ga irin waɗannan kaya a shimfiɗe, masu saye daga ƙauyukan Katsina da na Maraɗi suna tayawa, wani da naira, wani da sefa.